Amsa ga mai tambaya kan fom ɗin da ake ba Baba a asibiti

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na ga tambayarki. Kin ce mahaifinku ya gama gashi (wato ƙona ƙari da haske mai ƙarfi na na'ura) da kimo (magungunan kashe kansa) saboda kansar dubura, likitoci sun duba sun ce ƙarin ya ɓace, don haka ba za a yi masa tiyata ba, sai dai a riƙa sa ido. Amma duk zuwa asibiti sai an miƙo masa fom cike da tambayoyi, shi kuma ya miƙa miki ya ce ki rubuta "lafiya lau". Kina son sanin amfanin fom ɗin tunda dai ba a yanka shi ba. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a sashen da ake bibiyar masu irin wannan lalura, kuma miƙa fom ɗin nan da karɓarsa yana cikin aikina.

Roƙona na farko shi ne ki daina cike masa. Bari in faɗa miki dalili.

A da, duk wanda ya gama gashi sai an cire masa duburar, wasu ma su ƙare da jakar bayan gida a gefen ciki har ƙarshen rayuwa. A 2004 wata likitar tiyata a Sao Paulo ta ƙasar Burazil, Angelita Habr-Gama, ta wallafa sakamakon marasa lafiyar da ƙarinsu ya ɓace bayan gashi da kimo, ta bar su ba tiyata tana bibiyarsu, kuma suka yi kyau. Daga nan hanyar ta bazu. Sai dai tana da nata haɗarin. Bayanan mutum 880 daga ƙasashe daban-daban da aka fitar a 2018 sun nuna kusan ɗaya cikin huɗu ƙarin yana sake tsirowa cikin shekara biyu, galibi a jikin bangon hanjin, inda za a iya gano shi a yi tiyatar da aka jinkirta. Kin ga ke nan Baba ya karɓi haɗari da yawan zirga-zirgar asibiti ne don abu ɗaya: ya rayu cikin walwala da jikinsa yadda yake. To idan ba a auna walwalar ba, ta yaya za a san ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Hoton MRI da na'urar leƙa hanji suna nuna ko ƙari ya dawo. Ba sa nuna sau nawa dattijo ya farka cikin dare yana sauri zuwa banɗaki.

Mutane da yawa suna ɗauka tunda wuƙa ba ta taɓa mutum ba, babu abin da ya same shi. Ba haka ba ne. Gashin da ya kashe ƙarin ya bi ta kan lafiyayyen nama. Bangon dubura yakan yi tauri ya rage ɗaukar bayan gida, tsokar da ke riƙewa takan yi rauni, jijiyoyin mafitsara da na al'aura ma sukan taɓu. Wani bincike da aka yi a Holan a 2017 ya gano kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ba a yi wa tiyata ba suna fama da matsalar bayan gida mai tsanani, yayin da a cikin waɗanda aka yi wa tiyata adadin ya kai biyu cikin uku. Waɗanda ba a yi wa tiyata ba sun fi samun sauƙi, gaskiya ne, amma ɗaya cikin uku ba ƙaramin abu ba ne.

Fom ɗin yawanci haɗin guda biyu ne ko uku. Akwai QLQ-C30 na ƙungiyar binciken kansa ta Turai, EORTC, mai tambaya 30 kan gajiya, barci, ciwo, cin abinci, damuwa, mu'amala da mutane, har da matsin kuɗi. Akwai ƙaninsa QLQ-CR29 wanda ya keɓanta da kansar hanji, yana tambayar fitsari, kumburin ciki, zubar jini da sha'anin aure. Ana mayar da amsoshin maki daga 0 zuwa 100. A nan iyalai suke rikicewa: a ɓangaren ƙarfin jiki da iya hidima, maki mai yawa alheri ne, amma a ɓangaren alamomin ciwo, maki mai yawa na nufin matsala ta ƙaru. Sauyin da ya kai wajen maki 10 shi ne wanda ake ɗauka mara lafiya ya ji shi a jikinsa.

Wanda na fi ba muhimmanci shi ne ɗan ƙaramin cikinsu, ma'aunin matsalar bayan gida da ake kira LARS, da aka fitar a Denmak a 2012. Tambaya biyar ce kacal: shin iska tana kuɓuce maka? Shin bayan gida mai ruwa yana zubo maka ba ka shirya ba? Sau nawa kake zagayawa a yini? Kakan koma kafin awa ɗaya ta cika? Yakan matsa maka har sai ka yi gudu? Maki daga 0 zuwa 42 ne. Zuwa 20 babu matsala, 21 zuwa 29 matsala ce mai sauƙi, 30 zuwa sama mai tsanani. Amma ki lura, don waɗanda aka yi wa tiyata aka ƙirƙiro shi, aro muke yi. Kuma da aka gwada shi a kan jama'ar gari a Denmak, an samu masu shekaru da dama, musamman mata, da makinsu ya haura 30 alhali ba su taɓa kansar ba. Shi ya sa ban yarda a tsorata mutum da lamba ɗaya ba. Abin dubawa shi ne makinsa na yau kusa da nasa na watannin baya, in da hali har da na kafin a fara gashi.

Yanzu ki sake karanta tambayoyin nan biyar, ki faɗa mini wane uba ne zai amsa wa 'yarsa su da gaskiya. Balle waɗanda suka shafi kwanciyar aure. Na sha ganin dattijo ya shigo da ɗansa, fom ya nuna komai daidai, da zarar ɗan ya fita karɓo magani sai ya sassauta murya ya ce ya daɗe yana sa ƙyalle a wando. Ba ƙarya yake son yi ba, mutuncinsa yake karewa, kuma ina ganin girman hakan. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma idan "lafiya lau" ta shiga fayil, likita zai wuce wurin. Ki bar shi ya cike shi kaɗai. Idan karatu ko gani yana ba shi wahala, ku nemi ma'aikacin lafiya namiji ya karanta masa a keɓe, ke ki jira a waje.

Akwai kuma abin da fom ɗin kansa yake kasa kamawa. Mutum yakan saba da wahala har ya daina kiranta wahala. Wanda ya bar tafiye-tafiye, ya bar cin abinci kafin ya fita, ya zaɓi zama kusa da ƙofa a kowane taro, zai iya cewa matsalarsa ta ragu, alhali rayuwarsa ce ta ƙuntata. Don haka nakan ƙara tambaya ɗaya da babu a takarda: me ka daina yi wanda da kake yi? Wannan ke ma za ki iya lura da shi a gida ba tare da kin kunyata shi ba, ki shaida wa likita.

Sai fargaba. Wanda aka yi wa tiyata ya san an cire wurin. Shi kuwa Baba wurin yana jikinsa, kuma a shekara biyun farko kusan duk wata uku ko huɗu ana duba shi. Da yawa barcinsu yakan ƙaurace idan ranar dubawa ta matso. Yawancin tambayoyin fom ɗin kan makon da ya wuce suke, saboda haka wanda aka cike ana jiran sakamako ba zai yi daidai da wanda aka cike bayan an ji albishir ba. Idan kin ga yana shiga damuwa a irin lokacin, a faɗa. Akwai ma'auni na musamman na tsoron dawowar kansa, akwai kuma masu ba da shawara kan hakan.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yawancin waɗannan matsaloli suna da abin yi. Akwai maganin rage gudun hanji irin su loperamide, akwai gyaran abinci, akwai atisayen ƙarfafa tsokar ƙasan mara, akwai wankin dubura da ruwa da ake koya wa wasu, akwai maganin raunin gaba, har zubar jinin da gashi ke haddasawa ana magance shi. Kada dai ya sha komai sai da sanin likitansa. Mutum ya yi shekaru yana ɓoye abin da za a iya sauƙaƙa masa, wannan yana ci mini rai.

Kafin zuwanku na gaba, ki ba shi ɗan littafi ya riƙa rubuta wa kansa na mako guda: sau nawa ya zagaya, dare ko rana, da abin da ya ci. Ya riƙe abinsa, ba sai kin gani ba. A asibiti ya nemi a nuna masa makinsa na baya a gwada da na yanzu. Kuma idan ya ga sabon jini, ko bayan gida ya sauya masa, ko ciwo a wurin, ko rama ba dalili, kada ku jira ranar fom ko ranar da aka ba ku, ku koma asibiti a lokacin.