Hukuncin rawanin sarauta da yin salla da shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Nan da mako biyu za a naɗa yayana sarauta. Wani ya ce mana rawani mai kunnuwa bidi'a ne, wani kuma ya ce sunna ce mai lada. Mene ne gaskiya? Kuma zai iya alwala da salla bai kwance shi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sanya albarka, Ya taya shi riƙo.

Asalin rawani tabbatacce ne. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya shiga Makka ranar buɗe ta da baƙin rawani a kansa, Amru ɗan Huraisu kuma ya gan shi a kan mumbari ya saki jelar rawaninsa tsakanin kafaɗunsa. Wanda ya naɗa don koyi da shi yana da ladan niyyarsa. Amma hadisan da ke yawo cewa salla da rawani ta ninka wadda babu rawani sau kaza, ba su inganta ba, kada a dogara da su.

Kunnuwa da yanayin naɗi kuwa al'ada ce, kuma asali a al'adun tufafi halal ne sai abin da nassi ya hana. A Kano kunnuwa biyu na nuna jinin sarauta, kamar yadda alkyabba da sanda ke nuna muƙami. Ba wanda ya ce ibada yake yi da su, don haka kiran su bidi'a kuskure ne. Wasu na cewa kunnuwan suna zana sunan Allah. Wannan fassarar mutane ce, ba ta ƙara wa rawanin wani hukunci.

Ina jin ciwo in na ji ana wulaƙanta rawani, domin kakanninmu sun sha wuya a kansa. Kafin jihadin 1804, Sarkin Gobir Nafata ya hana maza naɗa rawani, ya hana mata lulluɓi, don ya karya lagon jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A wancan lokacin alamar malamai da almajirai ne. Ko zagaya shi ta ƙarƙashin haɓa da sarakunanmu ke yi, abin da Imam Malik ya fi so ke nan.

Inda yayanka zai kula shi ne salla. Ka lura da yadda mai naɗi ke zagaya harsa, wato farin yadin rawani, a kan hular dara, ninki bisa ninki, har ta sauko kusa da gira, sannan ya ja amawali ya rufe baki. In zai kabbara, ya sauke amawalin zuwa haɓa, don Abu Dawuda ya ruwaito hani ga rufe baki a salla. Ya kuma ɗan tura rawanin baya goshinsa ya fito. A mazhabar Malikiyya sujada a kan ninkin rawani makaruhi ne: in ninki ɗaya ne ko biyu marasa kauri, salla ta yi, in kuwa tudun rawanin ya tokare ƙasa goshi na sama bai sauka ba, sujada ba ta samu ba, sai ya sake.

A alwala, Malikiyya ba su yarda da shafa a kan rawani kaɗai ba sai in cire shi zai cutar. Hanabila sun sauƙaƙa, suna kafa hujja da hadisin Mugira ɗan Shu'uba. Shawarata, ya yi alwalarsa kafin a naɗa masa, musamman ranar hawa.

Yadin kuma kada ya zama tsantsar alharini ko mai zaren zinare na gaske, don an haramta su ga maza. Rawani ɗan kura mai shuni da ke barin baba a goshi ba ya hana salla, domin rini ne mai tsarki.

Wallahu a'alamu.