Amsoshin Tambayoyinku: Ƙaramar Kwamfuta da Tsofaffin Kaya

Tambaya: Malam, ina da shagon buga takardu a unguwar Zango, nan Damagaram. Kwamfutata ta tebur babba ce, ta tsufa, ta kuma cinye mini wuri. A cikinta akwai ram DDR3 gigabait 8, da faifan ajiya na terabait 1, da katin hoto. Ina son sayen ƙarama, amma ina so in mayar da waɗannan kaya cikinta don kada kuɗina su tafi a banza. Wace iri zan saya?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a sana'a. Kafin ka je Kasuwar Dole ko ka aika Kano, ka san cewa ƙananan kwamfutocin da ake shigowa da su iri biyu ne, ko da yake masu sayarwa kan haɗa su a suna ɗaya.

Akwai 'yar mitsitsiya wadda girmanta bai wuce littafi mai kauri ba, irin Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny. Wannan ba za ta karɓi ko ɗaya daga cikin kayanka ba. Ram ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, gajere ne irin na kwamfutar cinya, faifan da ke shiga cikinta mai inci 2.5 ne ko siririn nan na M.2, alhali naka mai inci 3.5 ne, kuma katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa abin da ake gani a allo, galibi ba shi da mazauni a ciki. Sai matsakaiciya wadda ake rubuta SFF a jikin sunanta. Ita tana ɗaukar dogon ram da babban faifai, tana kuma ɗaukar katin hoto idan gajere ne, amma akwatin wutarta ƙarami ne, sau da yawa wajen wat 200, saboda haka katin da ke neman tasa wayar wuta ba zai yi aiki a kanta ba.

To, a nan ne nake son ka tsaya ka yi lissafi, domin ram ɗin nan da kake jin tausayinsa shi ne zai ja ka ga asara. DDR3 na tebur haƙora 240 gare shi, DDR4 kuwa 288, kuma tsagin da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya yake ba, don haka ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya ko da an danna da ƙarfi. Idan ka nace sai injin da ke cin DDR3, za ka kwaso wanda furosesarsa (ƙwaƙwalwar injin) ta Intel ba ta wuce ƙarni na 4 ba a galibi, wato kayan wajen 2013 da 2014, sa'annin wadda kake son rabuwa da ita. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana neman ƙarni na 8 zuwa sama. A ganina, ka sayar da ram ɗin ga masu gyara, ka ƙara kuɗin a kan SFF mai Core i5 na ƙarni na 8, wadda yawanci takan zo da nata DDR4. Katin hoton ma ka bar shi, domin aikin buga takardu ba ya buƙatarsa, zafi kawai zai ƙara maka.

Faifan shi ne ya cancanci a riƙe shi, amma a matsayin rumbu. Ka sa Windows a kan sabon SSD, wato faifan zamani mai sauri, ko da na gigabait 256 ne, tsohon ya zauna a gefe yana ajiye takardun mutane. Kafin ka amince da shi, ka duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce. Idan ta nuna launin rawaya, ka kwashe abin da ke ciki tun da sauran dama.

Allon kallonka ma zai ci gaba da aiki. Idan bakin wayarsa irin VGA ne, sabon injin kuma bakin DisplayPort kawai gare shi, ƙaramin mahaɗi zai raba gardama, sai dai ka gwada shi a gaban mai shago kafin ka biya.

Tambaya: Ni kuwa da hasken rana nake aiki a wani gari kusa da Mirriya, ba ni da wasu tsofaffin kaya sai allon kallo. Wacce ta fi dacewa da ni?

Amsa: Kai 'yar mitsitsiyar ce taka. Da caja take aiki kamar kwamfutar cinya, yawanci mai wat 65, kuma a aikin rubutu ba ta cin ko rabin haka, don haka batirinka zai daɗe. Ka tabbata an ba ka cajarta ta asali, domin ta Dell da ta Lenovo ba su shiga juna. Fankarta ƙarama ce, ƙurar hunturu na saurin toshe ta, zafin Afrilu da Mayu kuma kan haura digiri 40 a yankinmu, saboda haka ka ɗora ta a kan tebur nesa da bango, ka buɗe ta ka hure ƙurar kafin bazara ta shigo.