Zuwa ga ƙanena mai burin aiki a Tesla

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, sau biyu na karanta shi. Ka ce ka kammala digirinka na injiniyan lantarki, kana so ka zo Amurka ka yi na biyu, kuma babban burinka shi ne ka samu aiki a Tesla, kamfanin motocin lantarki, a ɓangaren motoci masu tuƙa kansu. Ka tambaye ni ko da gaske ne kamfanin kullum gaba yake ci, da kuma ko mutum zai iya jingina rayuwarsa da shi. A jihar Teksas nake zaune, aikina gwajin batir ne a wani kamfani dabam, don haka harkar ba baƙuwata ba ce.

Girman da kamfanin ya yi gaskiya ne, ba wanda zai musa. A 2003 Martin Eberhard da Marc Tarpenning suka kafa shi, Elon Musk ya zuba kuɗi a 2004, ya zama shugaba a 2008. Masana'antarsu ta farko a Fremont, Kalifoniya, tsohuwa ce ta haɗin gwiwar Toyota da General Motors, sun saye ta dala miliyan 42 a 2010. Motarsu Model S ta fito a 2012, Model 3 a 2017, daga nan aka buɗe masana'antar Shanghai a 2019, ta kusa da Berlin da ta nan Austin kuma a 2022. Motocin da suka miƙa wa masu saye a 2020 ba su cika rabin miliyan ba, amma a 2023 sun kai miliyan 1.8. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin haɗa kaya a masana'anta ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ni kaina ina jinjina wa injiniyoyin da suka yi shi.

Amma akwai abin da bidiyon da kake kallo ba sa nuna maka. Shekara goma sha bakwai kamfanin ya yi kafin ya rufe shekara guda da riba. Ribar ta 2020 dala miliyan 721 ce, alhali a shekarar ya samu kusan dala biliyan 1.6 daga wata hanya da ba sayar da mota ba. Ga yadda abin yake a lokacin: dokar Kalifoniya da ta Tarayyar Turai sun ƙayyade hayaƙin da motocin kowane kamfani za su fitar. Wanda ya wuce iyaka, ko dai ya biya tara, ko ya sayi maki a hannun wanda motocinsa ba sa hayaƙi. Tesla ba ya ƙera motar fetur ko ɗaya, sai ya zama mai sayar da makin ga abokan gogayyarsa. Kuɗi ne na halak a idon doka, amma alƙalamin 'yan siyasa ne ke riƙe da shi. Haka rangwamen haraji na dala 7,500 da gwamnatin tarayya ke yi wa mai sayen motar lantarki: a ƙarshen Satumbar 2025 ya ƙare. A 2024 cinikin motocin Tesla ya ɗan ragu a kan na shekarar da ta gabata, ga BYD na ƙasar Sin ya taso da motoci masu arha, shi yake ƙera batirinsa da kansa.

To me ya sa hannun jarinsa yake da tsada haka, har darajar kamfanin ta haura dala tiriliyan ɗaya a 2021? Masu saye ba motar da ke kan titi yau suke saye ba, alkawarin gobe suke saye, wato motar da za ta yi tasi babu direba. Nan ne sashen da zuciyarka take, don haka bari in daɗe a kansa. Manhajar da ake sayar wa masu mota, wadda suke kira Full Self-Driving, har yanzu tana buƙatar direba ya zauna ido a kan hanya, in an yi haɗari shi ke da alhaki. A Disambar 2023 hukumar kula da lafiyar hanya ta Amurka ta sa kamfanin ya gyara Autopilot, wata manhajarsa mai taimaka wa direba tuƙi, a motoci kusan miliyan biyu, saboda ba ta isa ta tabbatar direba yana lura ba. Kamfanin ya zaɓi dogaro da kyamara kaɗai, ya fara daina sa rada a motocinsa a 2021. Waymo, na kamfanin da ya mallaki Google, ya bi wata hanya: kyamara da rada da na'urar da ke auna nisa da hasken lesa, da taswirar gari da aka zana dalla-dalla. Hanyarsa ta fi tsada, amma motocinsa na ɗaukar fasinja babu kowa a bayan sitiyari a Phoenix da San Francisco. Lokacin da Tesla ya fara tasinsa a Austin a Yunin 2025, akwai ma'aikaci zaune a gaba yana sa ido. A nawa ganin, hanyar kyamara za ta iya yin nasara, kuma in ta yi za ta fi saurin yaɗuwa, sai dai an sha sa mata rana ana ɗagawa. General Motors ma ya kashe biliyoyi a kan nasa, Cruise, ya haƙura da shi a ƙarshen 2024.

Yanzu ga abin da ya fi damuna game da kai. A Afrilun 2024 Tesla ya sallami sama da kashi 10 cikin ɗari na ma'aikatansa, waɗanda suka kai kimanin 140,000. Ba'amurke in an sallame shi, ya koma gida ya nemi wani aiki a tsanake. Kai ba haka ba ne. Bizar ɗalibi tana ba ka shekara ɗaya ta aiki bayan karatu, da ƙarin wata 24 ga masu fannin kimiyya da injiniyanci. Daga nan sai bizar aiki ta H-1B, wadda gurbinta 85,000 ne a shekara, masu nema kuma sun ninka haka. Mai riƙe da ita in ya rasa aiki, kwana 60 gare shi ya samu wani ko ya tattara. Ni na ɗanɗana wannan a wani ƙaramin kamfani da na fara yi wa aiki. Da safe aka kira mu, kafin azahar katina ya daina buɗe ƙofa, ga iyali, ga haya. A mako na bakwai Allah ya kawo mafita, kuma abin da ya cece ni shi ne na iya gwajin batir da hannuna, ba sunan inda na fito ba. Ka kuma sani aikin layin haɗa mota, wanda shi ne mafi yawa, ba a kawo baƙo daga waje dominsa.

Ba ina hana ka zuwa ba ne, ƙanena, wallahi zan yi murna in ga ka. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Masu rubuta manhajar tuƙi 'yan kaɗan ne, yawancinsu sun yi zurfi a lissafi da ilimin horar da kwamfuta. In can ka nufa, tun yau ka riƙe harsunan rubuta manhaja na Python da C++, da kuma aljabra, ka gina wani abu ko ƙarami ne da za ka nuna. Amma da digirinka, ni na fi ganin maka ɓangaren batir da na'urorin sarrafa wuta, irin su inbata da caja. Tesla kansa ya kafa manyan batiran ajiyar wuta na gigawat-awa 31.4 a 2024, kuma masu ƙera mota da kamfanonin wuta da masu harkar sola duk wannan hannun suke nema.

Kada ka sayar da gonar Baba don kuɗin makaranta. Nemi jami'ar da malami zai ɗauke ka mataimakin bincike, a yafe maka kuɗin karatu a kuma ba ka na abinci. Kafin ka biya kuɗin kowace takarda, ka duba shafin ofishin jakadanci da kanka, domin dokar biza tana sauyawa cikin 'yan watanni. Turo min takardar sakamakonka da bayanin aikin da ka yi a shekarar ƙarshe, in duba su a ƙarshen mako mu fitar da jami'o'i biyar. Ka gaida min Umma.