Amsa kan yawan fosfaras a taman ƙarfen duwatsu masu aman wuta

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa taman ƙarfen da ake haƙa a yankunan aman wuta yakan zo da fosfaras mai yawa. Asalin abin wani ma'adini ne, afatait, wanda ƙunshinsa kalsiyam ne da fosfat, shi kuwa fosfat yana ɗauke da fosfaras. Tare yake samuwa da magnatait, wato baƙin taman da maganaɗisu ke ja, wanda in tsantsa ne ƙarfensa ya kai kashi 72 cikin 100. Ma'adinan Kiruna a arewacin Suwidin su ne shahararren misali, sai El Laco a Chile da Bafq a Iran. Har yau masana na jayayya kan yadda wannan taman ya samu: wasu na cewa daga narkakken dutse ya daskare, wasu na cewa ruwan zafi ne ya ajiye shi. Ni dai na fi karkata ga na farkon game da El Laco.

Illar fosfaras ita ce yana sa ƙarfe ya yi saurin karyewa, musamman cikin sanyi. Shi ya sa aka daɗe ana gudun irin wannan tama, har sai da 'yan Birtaniya biyu, Thomas da Gilchrist, suka fito da dabararsu ta tace ƙarfe a 1878, inda farar ƙasa ke janye fosfaras ɗin, dattin kuma ya zama taki. Yanzu kuwa niƙa taman ake yi, maganaɗisu ya ware magnatait.