Amsoshin Tambayoyinku: Babban Babur da Hanyoyin Kaduna

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni ɗan kasuwa ne mazaunin Barnawa, kuma shekarata takwas ina hawan Boxer ba tare da na yi wata mummunar faɗuwa ba. Yanzu Allah ya hore mini abin hannu, ina sha'awar babban babur irin na doguwar tafiya, mai gilashin tare iska da akwatuna a gefe, domin in riƙa leƙa Jos da Kano a ƙarshen mako. An nuna mini Yamaha FJR1300 ɗan Beljiyam. Shin in saya?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce kada ka fara da wannan babur, ko da yake ba shi da wani aibu a karan kansa. Tun da aka fito da shi a 2001 matafiya ke yabonsa, domin tankinsa na cin lita 25, kuma maimakon sarƙa, sandar ƙarfe ce ke juya ƙafarsa ta baya, don haka babu ruwanka da ɗaure sarƙa da shafa mata mai. Matsalar tana cikin tazarar da ke tsakaninsa da abin da hannunka ya saba da shi. Injin Boxer ɗinka cc 100 ne mai ƙarfin doki kamar 8, shi kuwa wannan cc 1,298 ne mai ƙarfin doki sama da 140, nauyinsa kuma idan an cika tanki yana kusan kilo 290. Murzawar da kake yi wa Boxer don ka wuce Keke Napep, idan ka yi wa wannan irinta, kafin ka ankara ka isa bayan motar da ke gabanka.

Abin da masu saye ba su cika lura da shi ba shi ne, nauyin babur a tafiyar hawainiya yake bayyana, wato a cunkoson Kawo, ko wajen juyawa a ƙaramin layi, ko lokacin sauka daga kwalta. Ni kaina a bakin hanya kusa da Kujama na koyi wannan, ranar da na ratse domin in sayi doya, ƙafar gaba ta shiga yashin da ruwan sama ya tara, na taɓa birkin hannu, babur ya kwanta da ni alhali gudun bai wuce na mai tafiya a ƙasa ba. Sai da mutum biyu suka kama mini muka ɗaga shi, madubi ya karye, robar gefe ta tsage, kuma na yi makonni ina jiran a aiko mini da wata daga Legas.

Sa'an nan ka dubi hanyoyin da za ka bi. An ƙera irin wannan babur ne domin shimfiɗaɗɗiyar kwaltar Turai, cikinsa na kusa da ƙasa, ƙafafunsa inci 17 ne masu taya mai gajeren gefe, kuma rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya lanƙwasa maka rim a inda babu mai gyara. Da ni ne kai, da na nemi matsakaici tsakanin kusan cc 500 da 650, irin su Honda CB500X, ko Kawasaki Versys 650, ko Suzuki V-Strom 650, wanda ƙafarsa ta gaba inci 19 ce, tana haɗiye ramuka fiye da ƙaramar. Dukkansu nauyinsu kusan kilo ɗari biyu ne ko da 'yan kai, zama a kansu a miƙe yake ba tare da an kifa ciki a kan tanki ba, kuma za su kai ka Kano ba tare da injin ya wahala ba. Ka dage a kan wanda ke da birkin ABS, mai hana taya ƙullewa idan ka damƙe birki cikin firgici.

Ranar dubawa ka je da sassafe, ka taɓa injin ka tabbatar da sanyi yake kafin a tayar, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Ka duba ko lagireto na yoyo, ka shafa sandunan shokozoba na gaba ka ga ko mai zai biyo yatsanka. A jikin taya akwai lambobi huɗu da ke nuna makon da shekarar da aka yi ta, misali 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar da ta haura shekara biyar zuwa shida ta bushe ko da zanenta bai cinye ba, sai ka sa kuɗin sababbi a cikin cinikin. Lambar jikin firam ta dace da ta takardar kwastan. Kuma ka samu bakanike tun kafin ka biya, saboda waɗannan babura ba kafireto gare su ba, kwamfuta ce ke ba su mai. Masu sana'ar Panteka za su ƙera maka kariya mai kyau ta ɗora kaya, amma na'urar da ta mutu sai dai a yi odarta. Lasisin tuƙi ajin A da inshora da lamba su zama cikakku, domin waɗanda suka ga dokar hana hawan babur da gwamnatin jiha ta kafa a ƙarshen Satumban 2021 saboda tsaro sun san cewa mai babur a Kaduna ba ya rabuwa da tambayoyi a shingen bincike.

TAMBAYA: Malam, maigidana ya sayi babban babur, amma hula zanna kawai yake sawa da kaftani, yana cewa hular kwano zafi gare ta. Wani lokaci yakan ɗauke ni. Hankalina ba ya kwanciya. Me zan ce masa? Daga wata uwargida a Unguwar Rimi.

AMSA: Hajiya, damuwarki a kan hanya take, kuma ina roƙon ki karanta masa wannan cikin lumana. Mai gudun kilomita 100 a awa yana shafe kusan mita 28 a kowane sakan, kuma da wannan saurin ne jikinsa zai gogi kwalta idan akuya ta gitta. Lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sanya hular kwano a Janairun 2009, an ga masu ɗaura ƙwarya da hular leburori don kauce wa kamu, kuma har yau yawancin hulunan da ke rataye a kasuwa ba su fi waɗannan da yawa ba. Hular gaskiya ita ce mai rufe fuska har haɓa, domin haɓa da muƙamuƙi na cikin wuraren da suka fi cin ƙasa, kuma za a ga alamar inganci ta ECE 22.05 ko 22.06 ko DOT a jikinta. Abin da ke ceton kai shi ne farin soso mai tauri da ke ƙarƙashin ƙoƙon, wanda ke murƙushewa ya shanye bugu sau ɗaya tak. Saboda haka hular da ta taɓa yin haɗari ta gama aiki ko da ba a ga tsaga ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa ba na son a sayi hula a gwanjo. Hular da zai saya ta kama kai sosai, a kuma ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa.

Maganar zafi gaskiya ce, musamman a Maris da Afrilu, amma akwai jaket mai raga-raga wadda iska ke ratsawa, mai matashi a kafaɗa da gwiwar hannu da baya. Ya haɗa da safar hannu, tun da tafin hannu ne mutum ke fara kai wa ƙasa, da takalmi mai rufe idon sawu. Kaftanin ya naɗe shi a akwati, in ya isa ya sauya. Ke kuma, Hajiya, ki kula ƙwarai da bakin hijabi da zani, domin ƙafar baya da sarƙa na fizgar tufa mai lilo, kuma mata da yawa sun ji ciwo ta haka a kan ƙananan babura ma. Ki tattare su, kuma kada ki hau sai da taki hular.

TAMBAYA: Yallaɓai, mu huɗu ne abokai a Tudun Wada, muna son fita ta farko mai ban sha'awa. Ina za mu nufa?

AMSA: Samari, ku fara da Zariya, kilomita 80 ko kusa da haka, ku ga dutsen Kufena ku dawo, domin ku san yadda kowannenku ke tuƙi a tsakanin tireloli. In kun saba, hanyar kudu ce ta fi ƙayatarwa: ta Kasuwan Magani, inda ake ratsewa zuwa ginin nan na dutse da wani Bajamushe ya yi a Kajuru, a wuce Kachia ƙasar citta, a kai ga duwatsun Kagoro da magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafanchan. Oktoba da farkon Nuwamba sun fi dacewa, lokacin ruwa ya ɗauke, daji na nan kore, hazo bai sauko ba.

Sai dai wannan hanya ta sha fama da matsalar tsaro, don haka ku je tasha ana gobe tafiya ku tambayi direbobin da suka biyo ta a ranar, in sun ce a dakata ku dakata. Ku tashi bayan gari ya waye sosai, ku sauka kafin la'asar sakaliya, ku bar tazara a tsakaninku, wanda ya fi ƙarancin gogewa ya kasance kusa da na gaba domin a yi tafiya daidai ƙarfinsa. Hanyar Birnin Gwari kuwa ba na ba kowa shawarar yawon buɗe ido a kanta. Idan kun zarce Jos ta Hawan Kibo, wajen dawowa ku sauko da ƙaramar giya maimakon danne birki har ya yi zafi, kuma ku tafi da rigar sanyi, domin garin na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskar safiyarsa tana ratsa jaket mai raga.