Hasashen damben boksin da naira dubun da ake ajiyewa a majalisa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu goma sha biyu ne a majalisarmu, duk masu bibiyar damben boksin na ajin masu nauyi. Akwai babban dambe da ke tafe, kowa yana faɗin wanda zai yi nasara da turmin da za a yi kisa. Kowa kan ajiye naira dubu, wanda ya canka ya kwashe, ya saya mana shayi a ciki. Wani ya ce min wannan da'awar sanin gaibu ce, hankalina ya tashi. Shin na yi kafirci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, kwantar da hankalinka, ba ka yi kafirci ba. Wanda ya duba shekarun ɗan dambe, da tsawon hannunsa, da yadda numfashinsa ya kasance a damben baya, ya ce "ina ganin wane zai ci", zato ya yi bisa alamu, kamar manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas. Kai ma ka san zaton yakan ci tura. A 1990 a Tokyo Buster Douglas ya kayar da Mike Tyson, a 2019 Andy Ruiz ya yi wa Anthony Joshua haka a New York, alhali masana sun gama yanke hukunci. Sharaɗi dai kada ka yi rantsuwa a kai, kada kuma ka je wurin boka ko mai bugun ƙasa.

Abin da ya dame ni shi ne wanda ka faɗa a gurguje: naira dubun nan. Mutum goma sha biyu sun zuba, ɗaya ya tashi da dubu goma sha biyu, sauran sun tashi hannu wofi, a kan abin da ba wanda ya san ƙarshensa. Wannan ita ce cacar da Allah Ya haramta a Suratul Ma'ida. Ƙanƙantar kuɗin ba ta canza hukunci, shayin ma ba ya wanke shi.

Na san za a kawo maka hujjar Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa ya sa kuɗi da Ƙuraishawa a kan Rumawa za su rinjayi Farisa. Ƙissar ta tabbata, amma ba ta tare da ku. A Makka aka ƙulla wannan, haramcin caca kuwa a Madina ya sauka, kuma a ruwayar Tirmizi an faɗa ƙarara cewa hakan ya faru kafin a haramta irin wannan ƙulli. Sannan Abubakar ba canke ya yi ba. Wahayi ne ya sauka a farkon Suratur Rum, ya gaskata shi, ya tsaya a kansa gaban masu ƙaryatawa. Malaman da suka ce halaccin irin ƙullin Abubakar bai shafe ba, irin su Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, sun ɗaure shi ne da abin da ke ɗaukaka addini da tabbatar da hujjarsa. Wace hujjar addini ce ke cikin wane ya fasa wa wane baki a turmi na bakwai? Gasar da hadisi ya yarda a sa mata lada ma ta harbi ce da tseren raƙuma da dawaki, kuma ladan na masu fafatawa ne, 'yan kallo ba su ciki.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya) da ke Makka ta yanke a 1987 cewa boksin a yadda ake yinsa haramun ne, domin an gina shi a kan kowane ɗan dambe ya yi wa abokin karawarsa mummunar illa a jiki. Ga kuma dukan fuska da kai da ke cikinsa, Annabi (SAW) kuwa ya hana dukan fuska. Ka sa wannan a ma'auni kafin ka biya kuɗin gidan kallo. Irin waɗannan damben kuma sau da yawa tsakar dare ake haska su a nan, na sha ganin samari sun raba dare a kansu, Asuba ta wuce suna minshari.

Ka janye kuɗinka tun kafin ranar. Abin da ka taɓa ci, ka mayar wa masu shi tunda ka san su ɗaya bayan ɗaya, ka yi istigfari. Ka faɗa wa abokanka cikin lalama, ban da gori. Ina kuma jiye maka tsoron manhajojin caca na waya, domin yawancin yaran da iyayensu suka kawo min kuka a kansu daga irin wannan ɗari biyar da dubun suka fara. Idan akwai ɗaya a wayarka, ka goge ta yau.

Wallahu a'alam.