Kar ki tura mata kuɗin duka, ni an yi min

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Wallahi tun da na fara karanta tambayarki gabana yake faɗuwa, don abin da ya same ni ne sak yake shirin samunki. Kin ce bikin ƙanwarki ne a Disamba, mahaifinku ya rasu, ke ce babba komai a wuyanki yake, kin samu mai dekoreshan a Instagram hotunanta sun tafi da ke amma ta ce sai kin biya kuɗin gaba ɗaya kafin ta riƙe miki ranar, kuma kuɗin ya kusa cinye rabin abin da kika tanada. Kina tambaya ki tura ko ki haƙura, kuma ya za a yi wuri ya yi kyau ba a kashe dukiya ba. To dan girman Allah kar ki tura. Kafin alƙalami kam dole ne, su ma da shi suke kama hayar kaya, ki ba ta rabi ko ƙasa da haka, amma cikon kar ya shiga hannunta har sai an shiga wurin an ga aiki da ido. Duk wadda ta ce ba ta yarda da haka ba ki ce mata Allah Ya haɗa kowa da rabonsa, masu sana'ar nan sun cika gari.

Ni ma ƙanwata ce, autarmu da na goya a bayana, mu ma babanmu ya rasu tun tana firamare. Matar da ta yi mana abin nan ba ma a intanet na tsince ta ba, wata ƙawata ce ta haɗa mu, ta zo har gida ta zauna a falon Ummanmu ta sha ruwa, tana ta Hajiya kar ki damu, ƙanwarki ƙanwata ce, marainiya ce ai ko kyauta na yi ban faɗi ba. Muka yi magana a kan ruwan hoda da ruwan gwal saboda su shiga da ankon ƙawaye da rigar amarya, ta nuna min hoto a wayarta ta ce irin wannan za ta yi har ya fi. Ta ce kaya sun yi tsada tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, masu ba ta hayar kujeru da kafet ba sa sakin kaya sai an biya su duka, maganar ta shiga hankali don kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma a lokacin, na yi mata transfa a gabanta, alat ya shiga tana ta sa albarka.

Ranar Asabar dina bayan Isha'i aka sa a kati. Alkawari da azahar za ta shiga hol. Ina gida ana yini, gida ya cika maƙil, ga masu girki ga 'yan uwa daga ƙauye kowa Yaya kaza Yaya kaza, da la'asar na tura ƙanina ya leƙo min, sai ga kiransa, Yaya babu kowa a nan fa, kujerun hol ne kawai a jibge a lungu, mai gadi ya ce ba wanda ya zo. Na kira ta waya tana shiga ba ta ɗauka, na sake kira a kashe. Wallahi 'yar uwa ƙafafuna kasa ɗaukata suka yi, a bakin rijiya na zauna, kuma ba damar in faɗa wa Umma don tana da hawan jini. Sai da aka yi Magariba aka idar sannan ta iso da a-kori-kura da yara biyu, ko haƙuri na kirki ba ta bayar ba, wai go-silo ne.

Kayan da aka sauke ne ba zan taɓa mantawa ba. Yadin ruwan goro da shuɗi, babu ruwan hoda ko ƙyalle ɗaya. Rigunan kujeru a cukurkuɗe cikin buhu, wasu da danshi, wani ƙyallen tebur da na ɗaga da hannuna ga shatin zoɓo ja a tsakiyarsa ga maiƙon miya a gefe, har da ƙwayar shinkafa a maƙale. Fulawoyin roba sun yi ƙura sun koɗe, wasu kan ya karye an ɗaure da waya. Allon da za a sa sunan amarya da ango kuwa, kina matsowa kusa za ki ga shatin gam na sunan wasu mutane daban da aka ɓamɓare, aka liƙa namu a kai a karkace. Ashe wani bikin ta karɓa a ranar, kamun 'yar wani mai kuɗi da rana, can ta kai sababbin kaya da ma'aikatanta, mu kuma ta kwaso mana abin da aka sauke daga wani wurin ko wanki bai gani ba. Kuɗina ta riga ta karɓa, me zan yi mata?

Dangin ango daga Zariya suka taso, motoci cike da iyaye mata, suka iso a kan lokaci suka tarar yara a kan tsani suna ɗaura labule, ana jan tebur ƙiiii a kan tayil. Suka tsaya cirko-cirko a waje cikin sanyi da goyo da tsofaffi. Amarya tana cikin mota an gama mata kwalliya tun yamma, tana ta turo min saƙo Yaya mu shigo? Yaya lafiya? ni kuma da leshina da gwaggwarona ina durƙushe ina sa wa kujeru riga ni da ƙawayenta, lallen hannuna duk ya yi baƙi da ƙura. Sai wata gwaggon ango ta leƙo ta ƙofa ta ƙare wa wurin kallo ta ce, da ƙarfi fa ba a ɓoye ba, au dama ba ku shirya ba kuka tara mu? Umma tana bayanta a tsaye, ta ji. Ba ta ce komai ba ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska ta koma gefe. Na shiga banɗakin hol ɗin na rufe ƙofa na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar Baba, don na san abin da ake cewa a zuci, 'ya'yan da ba uba ne, ba tsayayye. Alhali na biya, wallahi na biya har da kuɗin adashina da na ɗauka na shekara.

Kuma kin san abin da ya fi ƙona min rai? Ana cikin taro, ana liƙi, matar nan ta aiko yaronta wai a ƙara mata kuɗin mota na kwashe kaya. Bayan biki na neme ta a kan ko wani abu ta mayar, ta ce ai an yi taro an tashi lafiya me kuma nake nema, daga nan ta toshe lambata. Da na leƙa shafinta da wayar ƙawata sai ga hotunan wancan kamun ta jera tana godiya ga Allah. Har yau ƙanwata ba ta buɗe albam ɗin dinarta a gaban mutane. Na so in kai ƙara, kawunmu ya ce a bari kar a fara wa yarinya zaman aure da shari'a, na bari, amma ban yafe ba, akwai ranar da za mu tsaya ni da ita.

Shi ya sa nake ce miki hoton Instagram ba shaida ba ne, wasu na mutane suke ɗauka har na Legas da Dubai su sa a shafinsu. Ki ce ta gaya miki inda take da aiki a satin nan ki je da ƙafarki tun kafin baƙi su zo, ki taɓa yadin, ki duba bayan sitej, ki ga ƙarfe nawa ta gama. Ki tambaye ta kai tsaye biki nawa ta karɓa a ranarku, don Disamba da watan Sha'aban kafin azumi lokacin rububin aure ne, a nan suke haɗama. Kuma komai a rubuce, ba saƙon murya ba. Kala kaza, kujera nawa za a sa wa riga, tebur nawa, kafet daga ina zuwa ina, kujerar amarya wacce iri da hotonta, ƙarfe nawa za a gama, in ta makara me za a cire. Ta sa hannu ki sa, da shaida namiji babba a gidanku wanda take jin nauyinsa. Ki yanko ƙyallen ankon ki ba ta a hannu, don ruwan hodan da ke cikin waya daban na kasuwa daban.

Af, kafin ma ki biya kowa ki fara zuwa wajen masu hol ɗin. Wasu suna da mai kwalliyarsu ba sa barin na waje, wasu sai an biya ƙarin kuɗi, wasu sun hana buga ƙusa ko liƙa gam a bango kuma suna riƙe kuɗin ajiya saboda ɓarna, in yaran mai dekoreshan suka ɓata fenti daga kuɗinki za a cire ba nata ba. Ki tambaya ko akwai wani taro kafin naku a ranar, in akwai to ƙarfe nawa za a ba ku wuri. Da maganar janareta, awa nawa kuɗinku ya ɗauka, kuma za a kunna tun lokacin da ake aikin kwalliya ko sai an fara taro, don na ga inda aka yi jeren wuri da fitilar waya. Sannan ki ware mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki a ranar sai zaman hol tun safe, ba ke ba, ke ba za ki samu kanki ba, cikon kuɗin ma a hannunsa za ki bari.

Maganar rage kuɗi kuwa, ni abin da na gani mutane wuri ɗaya suke kallo, inda amarya da ango suke zaune, nan ne kuma yake fitowa a hoto. Ki zuba ƙarfinki a nan, bango mai kyau a bayansu, kujera mai tsafta, hanyar shigowa da kafet, shi ke nan. Silin ɗin nan da ake lulluɓewa da yadi da tulin fulawa a kowane tebur su suke cin kuɗi, kuma da an fara rabon abinci ture su ake yi gefe. Kala biyu sun isa. Ki kula da fitila sosai, farin haske a fuskar amarya, kar ki yarda a haska ta da shuɗi ko kore, ki haɗa mai hoto da mai dekoreshan su yi magana tun kafin ranar. Wayoyin wuta a bi da su ta gefe a danne, tsofaffi da yara suna harɗewa, kar a toshe ƙofar fita da labule, kaskon turaren wuta kuma a nisanta shi da yadi don irin yadin nan na roba ne, da ya ji wuta ya tafi.

Ni fa da za ki ji tawa ma, ba dole sai an yi kamu da dina da ranar iyaye da ranar ƙauyawa duk a hol ba. Kamunmu a ƙofar gida muka yi ranar Alhamis kuma shi ne ya fi komai kyau a bikin nan, da hannunmu muka yi. Na shiga Kwari na yanko yadi, na biya Kurmi na sayo faifai masu kala da ƙore da ludayi da tumtum na fata, muka aro darduma da tabarmi a maƙwabta, aka kafa rumfa, ƙannenmu maza suka ɗaura yadin, muka jera faifan a jikinsa, aka sa turare wuri ya ɗau ƙamshi. Har dangin ango suna tambaya wa ya yi mana. Sai dai tunda naku Disamba ne ki tuna da iskar hunturu, in a waje ne a ɗaure komai da kyau a danne ƙafar allon da dutse ko buhun yashi, farin yadi kuma kar a shimfiɗa da wuri ƙura za ta canja masa kala kafin la'asar. Balan-balan in rana ta doke su fashewa suke yi, a bar su sai yamma.

Kuma dan Allah kar ki ci bashi saboda kwalliyar awa huɗu alhali kayan ɗaki ba su cika ba. Mu mata mu muke takura wa junanmu da gasar nan, wance ta yi kaza, a ɗauka a sa a waya. Annabi SAW da Abdurrahman bin Auf ya yi aure cewa ya yi da shi ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Katifa mai kyau da tukunyar gas da abin da za ta riƙe a hannunta satin farko sun fi mata amfani, ranar jere ma ido ake zubawa, kuma can ne maganar dangin miji ta fi zafi, ni na ji a jikina. Ki zauna da ita amaryar ki gaya mata gaskiyar abin da ke hannunki, yaran nan suna da hankali in aka yi musu bayani, tawa har yau cewa take da dinar aka fasa aka saya mata firij.

In a Kano kike, faifan da ƙoren da tumtum guda shida suna nan a sito na adana su, yadin ma yana nan an wanke an goge, ki yi min magana ta gefe ki aiko a ɗauka, ba sai kin biya komai ba, in an gama a dawo min da su. Ki gaya min kuma a hol ne ko a fili za ku yi, da kalar ankonku. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya rufa miki asiri, Ya sa a yi lafiya a tashi lafiya.